Aikin Aji A Bakin Rijiyar Mutane

Shirun matan ne ya fara sanar da ni cewa wani abu ya lalace. Da na iso bakin rijiyar hira suke yi, ana tsokanar wata amarya da ta saki guga ya faɗa ciki, har ni ma na taya su dariya. Na koma gefe, na ciro wayata daga cikin hijabi, na fara magana a hankali. Ban san lokacin da hirar ta mutu ba. Na ɗago kai na ga igiya ta tsaya cak a hannun wata mata, ba ta ja ba, ba ta saki ba, idonta a kaina. Wata ta sunkuci ɗanta ta saɓa a kafaɗa, ta bar bokitinta ko rabi bai kai ba, ta kama hanyar gari da sauri. Na yi musu murmushi, ba wadda ta mayar mini. A nan na san na yi laifi, tun ban san ko mene ne ba.

Bari in faɗi yadda aka yi na je na tsaya a bakin rijiyar garin da ba wanda ya san ni.

Sunana Shafa'atu. Ƙauyenmu yana bayan Tsafe, a cikin Tsafe kuma na yi sakandare. Da na gama, Baba ya ce ba zai iya tura ni wata jiha in zauna a makaranta ba, ga rashin hali, ga halin da hanya take ciki. Wani malaminmu ne ya ba shi labarin jami'ar da ake karatu ta waya, ɗalibi na gida, malami na can wata duniya. Na samu gurbi a fannin kiwon lafiyar al'umma. Sai ga shi karatun da aka ce na zaman gida ne, shi ya raba ni da gida, domin ƙarfen sabis na yankinmu ya daɗe da mutuwa, masu kai masa mai sun daina zuwa.

Zangona na farko Tsafe, gidan su wata ƙawata da muka yi aji ɗaya. Sun karɓe ni da mutunci, amma karatu bai yiwu ba. Malamai suna turo bidiyo mai tsawo, in danna, abin nan ya yi ta juyawa a tsakiyar waya har caji ya ƙare ban ga ko fuskar malamin ba. In aka buɗe aji kai-tsaye, sai in ji kalma ɗaya, in rasa goma. Na kan zauna a bayan ɗaki in yi kuka, in share ido, in fito in taya su tsintar shinkafa kamar ba komai. Da Baba ya zo cin kasuwa ya ga yadda na rame, ya ce in wuce Gusau wurin ƙanwarsa, Gwaggo Kulu.

Gwaggo Kulu tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, bakinta kuma ba ya hutawa. Ranar da na sauka ta dube ni ta dubi wayar, ta ce yanzu wannan 'yar abar ce jami'ar? Ta ce to in ajiye jami'ar a kan taga in zo in kama mata tuya. Haka take kiranta har yau. In na yi daɗewa a ɗaki sai ta ɗaga murya ta ce a gaya wa shugaban jami'a tuwo na hucewa.

A Gusau na fara sanin cutar birni. Na shiga kasuwa neman fawa banki, abin nan mai ajiye cajin waya, saboda rashin wuta, wani mai tebur ya miƙo mini wata mai nauyi, ya ce in ji da hannuna, irin wannan sai ta yi mako ba ta mutu ba. Ya rantse, ya kira ni ƙanwarsa. Ko yini ba ta yi ba ta daina aiki. Mai gyaran waya na bakin layinmu ya buɗe ta a gabana, sai ga yashi ƙulle a leda da ɗan batir kamar yatsa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya daina. Daga ranar ya ce in riƙa kawo wayar yana sa mini caji in ya tada janareto, kuma bai taɓa karɓar komai a hannuna ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Innarmu. Ina jin muryar mutanen ajinmu da ke Jos da Bidda da Potiskum kullum a cikin kunnena, amma uwar da ta haife ni, da ke nan kusa, ba na iya kiranta. Sai ranar kasuwa in ba direba saƙon baki, ya dawo mini da daddawa da kuka da cewa tana gaishe ni, in yi haƙuri, in riƙe salla. Na kan buɗe ƙullin daddawar in shinshina kafin in kai wa Gwaggo.

Da ba don Dakta Saratu ba da na tattara na koma. Ita ke koya mana darasin ruwa da tsabtar muhalli. Mutuniyar Jos ce, Hausarta irin ta can, mai saurin nan da ke sa Gwaggo dariya. Ban taɓa ganin fuskarta ba, domin tun ranar farko ta ce kowa ya kashe kyamara, data ba ruwan sama ba ce. Ba ta turo bidiyo. Darasinta murya ce gajera-gajera, wadda ko sabis mai rauni zai sauke, in saurara ina murza ƙuli. Ta raba mu ƙananan guruf, ta haddace sunan kowa da garinsa. Ranar Asabar bayan azahar muke haɗuwa kai-tsaye, kuma ba ka isa ka ɓuya ba, sai ta kira sunanka ka yi magana. Ta kan yi bayani da Turanci, ta maimaita da Hausa, ta ce mu ma mu amsa da harshen da za mu yi wa mutanen ƙauye magana ranar da muka fara aiki. Abin da ta fi tsana shi ne a kwafo mata littafi. Ta ce littafin tana da shi a gida, abin da ba ta da shi shi ne garuruwanmu.

Shi ya sa ta ba mu wannan aikin. Kowa ya je inda mutanen karkara ke ɗiban ruwan sha, ya tsaya a wurin, ya ɗauki muryarsa yana faɗin abin da ya gani: nisan wurin da gidaje, hanyar da ake bi, su wa ke zuwa ɗiba, da wane lokaci suka fi taruwa, ko dabbobi na sha a wurin. A haɗa da hoto, a tura guruf kafin ajin Asabar. Na ji daɗin aikin ƙwarai. Matsalata ɗaya, unguwar Gwaggo 'yan ga-ruwa ke kawo mana ruwa, ƙauyenmu kuma Baba ya hana ni zuwa sai hanya ta lafa.

Sai ga haihuwa. 'Yar Gwaggo da ke aure a wani ƙauye a ƙasar Bungudu ta sauka, suna ya faɗo ranar Asabar ɗin. Ba zan faɗi sunan garin ba. Mun bi ta Kwatarkwashi, duwatsunta suna gefenmu, muka sauka daga kwalta muka hau babur. Tun a hanya na ga abin da ya kamata ya sa ni tunani: shingen itace a bakin gari, samari da bindigogin gida a rataye, ana tambayar kowa gidan da zai je. Gwaggo ta faɗi sunan surukinta, aka ɗaga mana. Ni kuwa hankalina na kan aikin aji. Na saba ganin irin wannan shingen a gida, har ido ya daina ganinsa.

Da hantsi, gida ya cika, ana ta dakan fura da rabon goro, na tambayi wata yarinya inda rijiya take, ta nuna mini da baki. Ban gaya wa Gwaggo ba, don na san za ta ce in zauna in riƙe jariri. Ban nemi izinin kowa ba. A raina minti kaɗan ne in dawo.

Abin da matan suka ji ina faɗa a waya ke nan: rijiyar tana yamma da gari, bayan gonakin dawa, ba a hango ta daga gidaje. Hanya ɗaya ce, siririya, ta bi ta cikin rafi. Mata da 'yan mata ne ke zuwa, sun fi yawa da hantsi da kuma bayan la'asar, babu namiji ko ɗaya a wurin. Akwai shanu suna sha a kwatami.

Yanzu da na rubuta shi da hannuna, ni ma jikina ya yi sanyi. Ni 'yar ƙasar Tsafe ce, na san abin da irin wannan magana take nufi a wurinmu. Amma a ranar, wallahi, kunnena na ɗaliba ne kawai, ina ƙoƙarin kada in manta ko ɗaya daga cikin tambayoyin Dakta.

Ban kai ga barin wurin ba sai ga maza uku sun fito daga cikin dawa. Na gabansu dogo ne, baƙi, da rigar layu, daga baya na ji ana kiransa Lawali, shi ne shugaban 'yan sa-kai na garin. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙo hannu, na sa masa wayar.

"Ke ɗiyar wa ce? Wa ya aiko ki?"

Na ce ni baƙuwar gidan suna ce, ɗaliba ce, aikin makaranta nake yi. Ya tambayi wace makaranta. Na faɗa. Ya ce a ina take. Ni kuwa ban taɓa taka ƙofarta ba. Na ce tana cikin wayar. Ɗaya daga cikin samarin ya yi wata 'yar dariya, ya ce lalle kam, wadda suka kama wancan watan ma asibiti ta ce tana yi wa aiki.

Suka sa ni gaba. Kafin mu kai ƙofar gidan Maigari labari ya riga mu. Kalma ɗaya nake ji tana tashi daga bakin yara da manya, ta bayan katanga, ta kan dakali: infoma, mai kai wa 'yan bindiga labari. Na san abin da ke samun wanda aka liƙa wa wannan suna. A yankinmu an fita da wani mai sayar da burodi bayan gari a kan zargin da bai kai wannan ba, kuma ba a sake ganinsa ba. Wani ya jefo ɓawon rake ya same ni a baya.

A zauren Maigari aka kunna muryata. Ban taɓa jin abin da ya fi wannan muni ba, muryata a natse, har da ɗan farin ciki a cikinta, tana cewa babu namiji ko ɗaya a wurin. Maigari tsoho ne mai farin gemu, ya sa aka sake kunnawa, ya saurara idonsa a rufe. Gwaggo ta shigo ba mayafin kirki, tana haki, ta zube a gabansa. Ta rantse da duk abin da ta sani cewa ni ɗiyar wanta ce, kullum ina ɗaki da wannan shegiyar waya, ko ƙofar gida ba na tsayawa. Lawali ya ce ai ita ma ta faɗa da bakinta, kullum tana ɗaki da waya, wa ya san da wa take magana? Ban taɓa ganin an rufe wa Gwaggo baki ba sai ranar.

A nan na ji dalilin zafin Lawali. A kan wannan hanyar rafin aka ɗauki mata huɗu da damina, cikinsu har da ƙanwarsa, kuma waɗanda suka zo sun san lokacin, sun san hanyar. Wani ne ya gaya musu. Lawali ya ce a ba shi ni, su je bayan gari su yi mini tambaya inda ba hayaniya. Maigari ya ce ba a fitar da baƙuwar suna daga gidansa haka nan, a kai ni ciki tukuna.

Matarsa, Hajiya Ige, ta ja ni ɗakinta. Ba ta ce ta yarda da ni ba, ba ta kuma ce ba ta yarda ba. Ta ba ni buta ta ce in kama ruwa in yi alwala. Da ta ga haƙorana na haɗuwa ta yafa mini zanenta, duk da zafin da ake yi, ta zauna a bakin ƙofa da carbinta, ta miƙe ƙafa ta tare hanya. Matan da ke leƙowa ta tambaye su ko an gama rabon tuwon suna ne da suka sami lokacin kallo. Ina jin muryoyin maza daga zaure suna hawa suna sauka. Na yi ta tunanin Innarmu, wai direba ne zai kai mata wannan labarin ranar kasuwa.

Na roƙi Hajiya ta gaya musu a kira malamata. Ta je ta dawo ta ce Lawali ya ce kowa na iya ɗaga waya ya ce shi malami ne, ai ba za su turo ki ba su shirya mai amsawa ba. Sai na tuna ranar Asabar ce. Na ce mata bayan azahar akwai aji, mutane da yawa daga garuruwa daban-daban, ba wanda ya san abin da ya same ni. Su saurara da kunnensu, ni ba zan ce komai ba sai abin da suka yarda. Ta daɗe a zaure wannan karon. Da ta dawo ta ce in tashi in yi salla, Maigari ya amince, amma Lawali ya ce in na yi wata magana da ba su gane ba, ko na yi Turanci, shi ke nan.

Garin ba sabis sai a kan wani dutse da ke bayan masallaci. Muka kama hawa, Lawali a gaba da wayar a hannunsa, ni a tsakiya, Gwaggo na bayana tana salati, Maigari ana riƙe da hannunsa, sai jama'a a ƙasa sun yi cirko-cirko. Mun kai rabi sai wani abu ya faɗo mini, na tsaya cak. Muryar da na ɗauka na riga na danna mata tura tun a bakin rijiya. Rashin sabis ne ya riƙe ta. Da zarar mun kai sama za ta tafi da kanta, da hoton, da komai, a hannun Lawali, yana kallo.

Na yi tunanin in yi shiru, wataƙila ba zai lura ba. Na yi tunanin in na faɗa zai ce dabara ce ta goge shaida.

"Malam Lawali, don Allah tsaya. In munka hau sama saƙon nan zai tahi da kainai. Ban iya hana shi sai an goge."

Ya juyo ya dube ni, ya dubi wayar. Ya kira wani saurayi da ya iya waya, ya tambaye shi ko haka ne. Saurayin ya duba ya ce haka ne, ga alamar agogo nan, jira yake. Lawali ya ce in an goge, da me za a kama ni? Maigari, yana numfashi da ƙyar, ya ce duk wanda ke zaure ya ji da kunnensa har sau biyu, shaida ba ta ɓace ba, amma in ya tafi ba mai dawo da shi. Lawali ya riƙe wayar da kansa, ya ce in nuna da yatsa kada in taɓa. Na nuna, saurayin ya goge muryar, ya goge hoton. Da muka ci gaba da hawa, Lawali ya daina waiwayowa yana duba ni.

A saman dutsen aka zaunar da ni a rana. Saurayin ya shiga ajin, ya buɗe lasifika. Muryar Dakta Saratu ta fito tar, tana yi wa wani faɗa cikin wasa cewa ya kashe makirfonsa, duk aji na jin akuyarsa. Wani a bayana ya yi dariya ya haɗiye. Ta ce yau ba ita za ta yi magana ba, mu ne. Ta kira wani daga Potiskum, ya ba da labarin rijiyar garinsu mai zurfin da sai da raƙumi ake ja, ya faɗi nisanta, ya faɗi lokacin da mata ke zuwa. Ta kira wata daga Bidda, Hausarta a karkace, ta yi bayanin rafin da suke sha suke wanki a ciki, da hanyar da ake bi. Tambayoyi iri ɗaya, amsoshi iri ɗaya da nawa. Na saci kallon Maigari, na ga yana gyaɗa kai a hankali. Fuskar Lawali ba ta canza ba.

"Shafa'atu Tsafe," in ji Dakta. "Ban ga aikinki a guruf ba, kuma ba halinki ba ne. Kina tare da mu?"

Lawali ya matso da wayar bakina. Na ce ina nan, Dakta. Na ce na yi aikin, ban samu turawa ba. Iyakar abin da na iya ke nan.

Mutumin da ya yi wata da watanni yana sauraron muryarka ba tare da ganin fuskarka ba, ba ka iya ɓoye masa. Ta ce wa sauran kowa ya kashe makirfo. Sannan ta sassauta murya.

"Shafa'atu, wa ke kusa da ke?"

Na dubi Lawali. Ya ɗauke wayar daga bakina ya kai nasa. Ya yi sallama, ya faɗi ko shi wane ne, ba tare da sunan gari ba. Ya ce sun kama yarinya a bakin rijiyarsu tana faɗin hanya da lokacin da mata ke fita, kuma a garinsu wanda ya yi haka sunansa ɗaya. Ya tambaye ta ko ita ta sa ni.

Na zaci za ta rikice, ko ta hau shi da Turanci da maganar hukuma, wanda da ta yi da na kaɗe. Ba ta yi ba. Ta gaishe shi da aiki, ta gaida Maigari da ta ji yana wurin, ta ce ranka ya daɗe. Ta ce ita ta ba da aikin, kalma da kalma, ga ɗalibanta duka, kuma ta rubuta tambayoyin tana tunanin ciwon gudawa da kwalara, ba ta yi tunanin abin da suke nufi a inda ake ɗaukar mata ba. Ta ce wannan laifin nata ne, ba na yarinya ba. Ta ce ya zaɓi duk wanda yake so a cikin ajin ya yi masa tambaya, ita za ta yi shiru.

Ya kuwa yi. Ya sa saurayin ya karanto sunaye, ya tsayar da shi a kan wanda ya ga dama. Ya tambayi wata mata daga Zariya tun yaushe ta san ni, ta ce tun farkon zango, guruf ɗinmu ɗaya, ni ce mai yawan ba da haƙurin caji ya ƙare. Ya matsa da wayar nesa da ni, ya tambayi na Potiskum me aka koya musu makon jiya, ya ce yadda ake tace ruwa da tsumma mai tsabta da tafasa shi. Ya juyo ya yi mini tambayar nan a gefe, ya toshe wayar da tafin hannu, na ba shi amsa ɗaya, har na ƙara da yadda ake rufe bakin randa. Ya koma kan Dakta ya ce in ta sake tura ɗiyan mutane, ta ce su fara zuwa ƙofar mai gari, kuma maganar hanya da lokaci a bar ta. Ta ce ta ji, daga yau haka za a yi, kuma duk wanda ya riga ya tura irin wannan ya goge yanzu tana kallo. Ta roƙe shi abu ɗaya, in an sallame ni in kira ta da bakina.

Bai ce an sallame ni ba. Ya kashe wayar ya sa a aljihunsa, muka sauko. Jama'ar da ke ƙasa ba su ji abin da aka yi a sama ba, idanunsu na nan yadda na bar su. Wata mata ta tofar da yawu da na wuce. Aka mayar da ni ɗakin Hajiya Ige, maza suka koma zaure. Gwaggo ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna, tafinta duk gumi. Ta ce ko sun yarda a zaure, in ba a gaya wa gari ba, ba mu isa mu kai bakin kwalta ba, kuma 'yarta ce za ta zauna da baƙin sunan a garin nan har abada. Ban taɓa tunanin wannan ba sai da ta faɗa. Na sa kaina a cinyarta.

Aka kira la'asar. Muka yi salla a ɗakin, ban san abin da na karanta ba. Muna zaune muka ji an sallame a masallaci, sai lasifika ta yi ƙara, aka hura ta sau biyu. Na zaci ladan ne zai yi sanarwar ɓatan akuya ko jana'iza. Muryar Lawali ce.

"Jama'a, a saurara. Baƙuwar gidan suna da munka kama da hantsi, mun bincika, ni da Maigari. Ɗalibar lahiya ce, malamarta ta aiko ta. Ba infoma ba ce. Wanda duk ya sake kiranta da wanga suna, ko ya taɓa ta, ko ya taɓa gidan da ta sauka, da ni ya yi."

Ya maimaita, kamar yadda ake yi wa kowace sanarwa. Hajiya Ige ta janye ƙafarta daga bakin ƙofa, ta ajiye carbin. Aka aiko da wayata a cikin faranti, tare da goro biyu.

Gwaggo ta share fuskarta da bakin zane, ta tura mini farantin.

"Kin ji da kunnenki. Ɗauki jami'arki ki kira matar nan, tana can tana jira."

Na miƙa hannu, yatsuna suka ƙi kamawa. Sai Gwaggo ce ta ɗauka ta riƙe mini, muka fita tare, muka nufi dutsen, mutane suna matsawa suna ba mu hanya.